Ƙoƙon Ruwa a Hanyar Gubi

Zangon Kumasi,
cikin damina.

Zuwa ga ɗana na fari, a Ƙofar Ran, Bauchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka tsaye da ƙafafunka, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Ni ina nan da sauƙi, yadda aka saba faɗa. Ba zan cika ka da labarin garin nan ba. Ruwan sama ne da goro, sai ni a tsakaninsu ina ɗaure huhun goro.

Modu, Babarbaren nan mai fataucin goro, abokin wasana tun muna samari, ya sauka a zangonmu ran Talata. Ya zo mini da labari biyu a kanka. Na farko, ka sami aiki a masaƙa a Kaduna, kuma an sa ka cikin masu dogon tseren da za a yi can lokacin bikin karɓar mulki, mil ashirin da shida da ɗan ɗori. Ya ce kana yin sa cikin awa uku da minti biyar, kana neman ka sauko ƙasa da awa uku. Wannan ya yi mini daɗi. Mafi kyawun abin da na taɓa yi, a gudun gwaji na safiya, awa uku da minti tara ne, ka ga ka riga ka wuce ni, kuma ban ji ciwon haka ba.

Na biyun ne ya hana ni cin tuwo. Modu ya zauna a kan buhuna, ya ɓare mini goro ba tare da ya tambaya ba, ya ce, "Bafillace, ɗanka ya fi ka hauka. Kai sau ɗaya ka ƙi ruwa. Shi ya rantse ba zai sa ko ɗigo a bakinsa ba daga tashi har ƙarewa. Wai zai wanke sunan ubansa."

Na ce, "Wa ya gaya masa sunan ubansa na bukatar wanki?"

Ya ce, "To wa zai gaya masa akasin haka? Uban yana nan yana shafa ganyen goro shekara takwas."

Ban zage shi ba, ko da yake tsakaninmu zagi halal ne. Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na sayi takarda. Ka karanta ta kai kaɗai, ka kai ƙarshe, ko da ranka ya ɓaci a tsakiya.

Kana da shekara goma sha biyu lokacin da abin ya faru, ka san ni masinja ne a ofis, amma ba ka san yadda aka yi na shiga tsere ba. Akwai wani Bature da muke kira Mai Agogo, don ko atishawa ka yi sai ya duba agogon aljihunsa. Wata safiya ya aike ni Gubi da takarda. Na je na dawo hantsi bai gama ɗagawa ba. Ya ce ƙarya ne, ban je ba, sai da na miƙa masa amsar mai garin. Daga nan ya kama ni, ya ce zai shirya ni don dogon tseren da za a yi a Bauchi. Ya auna hanyar da motarsa daga Ƙofar Ran har gaban Gubi kaɗan, ya sa aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, kowane mil dutse ɗaya, goma sha uku zuwa, goma sha uku dawowa. Wata biyar muna wannan aiki. Bayan sallar asuba in tashi, shi yana biye da mota, yana rubuta lokaci a ɗan littafinsa. Hausarsa a karye take, mace yake mai da ni. Yakan ce, "Bello, ba da kowa kike tsere ba. Da Bellon jiya kike yi." Ina dariyarsa a ciki. Sai da na tsufa na gane a duk maganganun da aka taɓa yi mini a kan gudu, wannan ta fi hankali.

To ga kurakuraina. Zan faɗe su yadda suka zo.

Ana gobe tsere, Mai Agogo ya kira ni ya ba ni takalmin kambas sabo fil, fari, daga cikin kwalinsa. Ni kuwa wata biyar ɗin nan da tsohon takalmin fata nake gudu, wanda wani baduku na unguwarmu ya ɗinka mini, ya san kowace yatsa tawa. Na sa sabon a gabansa na ji yana matse mini ƙaramar yatsa. Ya ce, "Daidai?" Na ce, "Daidai, ranka ya daɗe." Babba ya yi maka kyauta, ina bakin cewa ta matse? Kafin dutse na goma safata ta jiƙe, kuma ba da gumi ba. Shi bai yi laifi ba, alheri ya nufa, kuma ya tambaya. Ni na yi ƙarya don kunya. Saboda haka duk wanda ya ba ka sabon takalmi a Kaduna, ko shi ne mai masaƙar, ka karɓa da hannu biyu, ka gode, ka ajiye shi don Juma'a. Ka yi tsere da wanda ƙafarka ta sani.

Ranar tseren mu wajen ashirin ne, sojoji da 'yan sanda da ɗaliban makaranta, wasu daga Jos aka kawo su. An ce za a tashi da asuba. Muka tsaya a bakin ƙofa muna jiran manya su gama karin kumallo, har rana ta hau kan ganuwa. Ka sa a ranka haka za a yi muku a Kaduna, ko ma fiye, don za a yi jawabi. Masu jawabi a inuwa suke. Ka nemi taka inuwar ka zauna, kada ka tsaya kana tsalle-tsalle don a gan ka.

Mutanen unguwa sun fito kaf. An kawo kalangu, ana kiran sunana da na kakannina. Akwai wani dogon soja a gefena, ƙafafunsa kamar na raƙumi. Modu ya hau kan wani kututture ya daka mini tsawa, "Bafillace! In dogon nan ya riga ka zuwa Gubi, yau shanun gidanku nawa ne, har da na surukinka!" Aka bushe da dariya. Ni ma na yi. Amma da aka busa usur, maganar na kaina. Na manta littafin Mai Agogo, na manta Bellon jiya, na manne wa dogon soja. Motar ta zo daidai da ni a dutse na biyar, Baturen ya leƙo yana ɗaga hannu, "Sannu-sannu! Kin yi sauri!" Na yi kamar ban ji ba. Na riga sojan zuwa wurin juyawa da taku uku, kuma ban taɓa isa can da wuri kamar ranar ba. Akwai bokitin ruwa a nan, na wuce shi don kada dogon ya sha gabana. Na ce a raina zan sha a dutse na goma sha takwas.

Sojan nan, daga baya na ji, ya zauna a gefen hanya a dutse na goma sha biyar ya cire takalmi ya ce shi ya gama. Ashe da wanda ba zai ƙare ba nake ta tsere. Wanda ya ci kuwa wani ɗan sanda ne gajere mai tumbi kaɗan, wanda ban ko dube shi ba a bakin ƙofa. Ka kiyaye wannan. Rabin farko ka bar kowa ya wuce ka, ko ana yi maka ihu, ko ana kiran sunan kakanninka. Kiɗa ba ya bin mutum har mil ashirin. Makaɗa suna komawa gida su ci abinci.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san kakanka na wajen uwa, ka san rugarsa can bayan Gubi. Abin da ba ka lura ba, don kana yaro, shi ne yadda muke da shi. Shekara goma sha uku ina auren 'yarsa, bai taɓa duban fuskata ba, ni ban taɓa ɗaga ido a gabansa ba. In na je gaisuwa, daga nesa nake tsugunawa. In an kawo nono, sai ya tashi ya tafi wajen shanu, ko ni in ce na ƙoshi ko da cikina na kuka. Ban taɓa tauna ko ƙwayar gyaɗa ba yana gani. Haka muka tarar, kuma ba na zagin abin. Shi ya riƙe mutunci a tsakanin gidaje da yawa.

Da na hango dutse na goma sha takwas, harshena ya riga ya zama kamar busasshiyar fata. Ga leburan da aka ajiye da bokiti a ƙarƙashin tsamiya. A gefensa kuma ga wani tsoho da malafa da sanda. Tun daga nesa na san tsayuwar. Kakanka ne. Ya taso daga ruga tun duku-duku, da ƙafa, ya ɗauko ƙoƙo da farau-farau a ciki, ruwan gero mai sanyi da kakarka ta dama. Mutumin da bai taɓa shiga taron gari ba.

Ka ji yadda ya yi. Da na matso, ya juyar da fuskarsa gaba ɗaya wajen duwatsu, ya ba ni ƙeya, hannunsa kawai ya miƙo kan hanya da ƙoƙon. Ya ce da Fillanci, a hankali, "Sha." Kalma ɗaya. Ita ce ta farko da ya taɓa yi mini kai tsaye.

Ka gane abin da ya yi? Tsoho mai furfura ya ajiye kunyarsa ta shekara goma sha uku a gefen hanya saboda ni. Har ya kau da ido don ya sauƙaƙa mini. Abin da ya rage nawa shi ne in miƙa hannu.

Ban miƙa ba. Na sunkuyar da kai, na ɗan rusuna ina gudu, na ce, "Na gode, Baffa," na wuce. Na wuce ƙoƙon, na wuce bokitin, don in ban sha nasa ba yaya zan sha na lebura a gabansa? Shekara takwas ina juya wannan taku huɗu ko biyar. Da ina cewa kunya ce. Yanzu da na zauna da kaina na daɗe, na san ba ita kaɗai ba ce. Leburan nan ɗan gari ne, kuma na ji tsoron ya koma Ƙofar Ran ya ce ya ga Bello yana ɗaɗɗakar ruwa a gaban surukinsa kamar jaki. Kuma akwai wani abu a ƙirjina da yake son tsohon ya koma ruga ya ce mijin 'yarsa namiji ne, ko ƙishi bai san shi ba. Girman kai ne ya sa rigar kunya. In wani ya gaya maka jarumta ce, bai san komai ba, ko kuwa yana tausayinka ne.

Na tuna dutse na goma sha tara. Na tuna na ashirin, don a nan gumi ya daina fito mini, na ji sanyi cikin wannan rana. Na ashirin da ɗaya ban gan shi ba. An ce a gabansa na faɗi, da fuska. Motar Mai Agogo tana gaba tana bin ɗan sandan. Wasu manoma suka ja ni inuwa suka tsaya suna kallo, ba su san abin yi ba. Kuma zan gaya maka abin da ba wanda zai gaya maka: na ɓata wandona a wurin, a gaban maza da mata masu zuwa kasuwa.

Ka san wanda ya iso? Tsohon nan. Da ya ga yadda nake tangaɗi, ya biyo ni mil uku, da sandarsa, da ƙoƙonsa bai zubar ba. Ya tuɓe rigarsa ya rufe ni daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya ɗora kaina a cinyarsa, yana tsoma yatsa a farau-farau yana ɗiga mini a baki har motar ta dawo. Ka ga ƙarshenta na sha ruwan nasa, a gabansa, daga hannunsa, cikin ƙazantata. Abin da na guje wa tsaye ya same ni kwance, ninki goma.

Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Fitsarina kamar baƙin shayi. Mai Agogo ya zo sau ɗaya, ya tsaya a ƙafar gado, fuskarsa ja. Ya ce, "Ruwa yana gabanki. Lebura ya gaya mini. Don me?" Na kau da kai. Ta ina zan fara yi wa Bature bayanin suruki? Ya rufe littafinsa ya fita, daga nan ɗan sandan ya zama nasa. Na daɗe ina jin haushinsa, har yanzu in na tuna yadda ya juya baya sai raina ya sosu. Amma in za a yi adalci, wata biyar ya ba ni na safiyarsa, ni na zubar da su a taku biyar. Kuma da ya ji ƙafata ba za ta ƙara aikin masinja ba, ya aiko a ce in zo in zauna a ƙofar ofis ina karɓar takardu. Ni na ƙi.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi na ruwa, kuma shi ne wanda ya shafe ka. Da na dawo gida ba wanda ya yi mini dariya. Ina so ka san wannan game da mutanen unguwarmu, don na daɗe ina ɗora musu laifi. "Sannu da jiki, Bello," shi ke nan abin da suke cewa. Ni ne nake jin dariya a cikin kowace sannu. Modu ma ya daina tsokanata, wata guda yana gaishe ni kamar liman, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ga rigar kakanka, mahaifiyarka ta wanke ta ninke, ta ce in mayar masa da hannuna in yi godiya. Na duba rigar nan na ga ba zan iya tsugunawa a gabansa ba. Na bi motar goro na ce wata biyu zan yi.

A shekara ta uku tsohon ya rasu. Mahaifiyarka ta aiko mini da abin da ya ce kafin ya cika: "Ku gaya masa laifina ne. Da ban je ba, da ya sha na bokiti." Ka ji. Ya tafi kabari yana ɗauke da kayana. Rigar kuwa ban san inda take ba yanzu, ka tambayi mahaifiyarka.

Saboda haka in ka faɗi a Kaduna, Allah ya kiyaye, ko ka zo na ƙarshe, ko wani abin kunya ya same ka a gaban jama'a, ka tashi ka wanke jikinka ka je aiki washegari. In an ba ka hutu ka zo Ƙofar Ran ka zauna a dakalin masallaci a yi maka sannu har a gaji. Wata ɗaya ne, mutane suna da nasu damuwar. Ni na ƙi haƙurin wata ɗaya, ga shi na biya da ganin girmanka.

Kada kuma bikin ya ruɗe ka. Mutanen ƙasar nan sun karɓi nasu mulkin shekara uku ke nan. Ina nan aka sauke tuta aka ɗaga wata, washegari na koma kan huhun da na bari. Ba na ce banza ba ne. Na ga baƙin mutum yana shiga ofis da hularsa a kansa, ba ya tuɓe takalmi a ƙofa, kuma wanda ya yi masinja ya san nauyin wannan. Amma ranar tseren za a ce muku ku nuna wa duniya ƙarfin 'yan ƙasa, za a ce kada ku ba da kunya. Mai faɗin haka zai koma kujerarsa a kawo masa ruwan sanyi. Ƙodar da ke jikinka taka ce kai kaɗai.

Tawa ta tafi. Malamin asibiti a nan ya ce tun wancan faɗuwar ce. Ƙafafuna suna kumbura har takalmi ba ya shiga. Ƙafafun da suka je Gubi suka dawo kafin hantsi, yau daga zango zuwa kasuwa sai na zauna sau biyu. Shekarata arba'in da uku, yaran kasuwa suna ce mini Baba Tsoho.

Awa ukun da kake nema, ina so ka same ta, Allah ya sani. Minti biyar ne tsakaninka da ita. Kurɓar ruwa ba za ta ci maka ko rabin minti ba, ƙin sha zai ci maka duka. In ba ta samu bana ba, akwai baɗi. Ni tsere ɗaya na yi a duniya. Wanda ya sha ruwa yana yin goma. Kuma ka fara tun yanzu, a gudun safiya, ka koya wa cikinka karɓar ruwa kana tafe, kurɓa biyu ko uku a kowane wuri, kada ka jira sai ƙishi ya kama ka. Ko wa ya miƙo, karɓa. Ko lebura ne, ko mace ce, ko wanda kake jin nauyinsa ya fi kowa a duniya. Sunana ba ya bukatar wanki da ƙishinka. In kana so ka yi mini wani abu, ka gama tseren a tsaye.

Saura magana ɗaya, ita ta fi mini wuya. Kai ɗan fari ne. Tun ranar sunanka ban taɓa kiran ka da shi ba. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan". Ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Ko takardun da na aiko a shekarun nan, wani malami nake ba ya rubuta sunan a bayan ambulan. Haka ubana ya yi mini, kuma na san yana so na. Amma na zauna na lissafa: na ƙi faɗin takalmi ya matse, na ƙi ƙoƙo, na ƙi mayar da riga, kuma kowace shekara mahaifiyarka tana aiko Modu ya ce in dawo gida, ina cewa sai baɗi. Duk abu ɗaya ne. Ana miƙo mini ina rusunawa ina wucewa.

Na gaya wa Modu in ya juyo bayan bikin ya bar mini wuri a motarsa. Ban sani ba ko jikin nan zai kai Bauchi, hanyar da nisa, kuma ba na yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah. Amma ka rubuto mini kafin nan, da hannunka. Ka faɗi lokacin da ka yi, ko awa huɗu ne. Ka faɗi sau nawa ka sha.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata na ji, wannan karon na ji. Ka je kabarin kakanka kafin ka tafi, ka yi masa addu'a a madadina. Allah ya kai ka Kaduna lafiya, ya tsare ka a mota da masauki da wurin aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya riƙe ƙafafunka daga dutsen farko har na ƙarshe, ya dawo da kai gaban mahaifiyarka da lafiyarka. Amin.

Ambulan ɗin nan ni na rubuta bayanta, za ka ga hannun ya karkace.

Usmanu. Usmanu, ɗana, ka sha ruwa.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Bello Masinja.